Dunƙulen da Bai Narke Ba

Jikata Balkisa tana karatun haɗa magani a Yamai. Da ta zo hutu garinmu Tawa, na ji ta a tsakar gida tana ba ƙawayenta labarin wani magani da aka koya musu. Wai ruwa ne tsululu a kwalba, amma da ya ji ɗumin jikin mutum sai ya yi kauri ya riƙa sakin ƙarfinsa kaɗan-kaɗan. Wani kuma wai tsamin ciki yake jira kafin ya buɗe. Na leƙo na ce musu ai aikin da na ci tuwo da shi ke nan shekara talatin da ɗoriya, sai dai namu da taurinsa yake shiga, ɗumin ne ke kwance shi. Suka kwashe da dariya. Ɗaya ta ce ita ta san dunƙulen mutanen da, ai murza ƙaro ne kawai a tafin hannu. Shi ya sa na zauna zan faɗi yadda abin yake, don mai ganin murzawa ce kawai bai taɓa tsayawa kan mutumin da ya haɗiyi abin da ya murza ba.

Aikin farko da Gwaggo Zali, ƙanwar mahaifina, ta ba ni shi ne tsintar ƙaro. Makiyaya ne ke kawo shi daga arewa cikin tsohuwar salka, haɗe da ɓawon itace da yashi da matattun tururuwa. Sai in baza shi a faifai in ware fari garau na dakwara gefe guda, ja-ja gefe guda. Shekara biyu ina wannan, ban taɓa kasko ba. In ta sami tsakuwa ɗaya a cikin wanda na ce na gama, ba ta faɗa, sai ta juye duka ta haɗe ta miƙo mini faifan. Na sha kuka a bayan rumbu, kuma na sha zaginta a zuci.

Kayan aikin ba su da yawa. Kaskon ƙasa ɗaya da ba a taɓa soya komai a ciki ba, ƙaramin turmi, ludayi, tsinken ƙarfe na awon magani, da randa da aka binne rabinta cikin jiƙaƙƙen yashi don ajiya. Abin haɗawa huɗu ne: ƙaro, man kaɗanya da fataken Najeriya ke kawowa, kakin zuma, da garin ɓawon ƙwan zabo. Gwaggo takan ce kowane dunƙule ƙofa biyu gare shi. Ta farko ɗumi ke buɗe ta, domin man da kakin sai sun ji zafin jiki suke laushi. Ta biyu tsami ke buɗe ta, domin tsamin ciki ne ke cinye garin ɓawon ƙwai ya bar ƴan ƙananan kafofi da magani zai bi ya fita. In ka yawaita mai, dunƙule ya narke a aljihun mai shi tun bai fita kasuwa ba. In ka yawaita kaki, ya shiga ya fita kamar tsakuwa.

Saboda haka ba a sayar da kasko sai an gwada shi sau biyu. A jefa dunƙule ɗaya cikin ƙoƙon ruwan tsamiya, ɗaya cikin ƙoƙon ruwan kanwa. Na tsamiya ya kamata ya fara fitar da ƴan kumfa, na kanwa ya zauna shiru. Sannan gwajin hammata: ka naɗe ɗaya cikin ganye ka matse a hammatarka, ka je ka surfa tiya ɗaya ta hatsi. In ka gama surfe ka tarar ya yi laushin tuwo, kasko ya yi. Haka Gwaggo ta gada, haka ta koya mini, kuma ban taɓa jin wanda ya tambayi hammatar wa ake nufi ba.

Masu sayenmu yawanci matafiya ne da makiyaya, mutanen da ba su da halin tsayawa su dafa saiwa sau uku a yini. Akwai dunƙulen ciwon gaɓoɓi, akwai na tsutsar ciki. Amma wanda ya yi mana suna shi ne na fuka, kuma shi ne mai haɗari, don da ƙwayar zaƙami ake yin sa. Zaƙami kaɗan yana buɗe ƙirji. In ya yi yawa, jiki ya bushe ya ɗauki zafi, mutum ya riƙa ganin abin da babu, wani ma daga nan ba ya dawowa. Hikimar dunƙulen ita ce ya riƙe zaƙamin ya riƙa ba jiki ɗigo-ɗigo daga safe zuwa safe. Ɗaya a yini, ba ƙari. Kowace mai haɗi tana da shaidarta, tawa ita ce in danna bakin karan dawa a kan kowane dunƙule ya bar zobe.

Shekarar da zan ba ku labarinta ita ce ta babban fari na biyu, zamanin soja. Gwaggo ta riga ta rasu, kaskon yana hannuna. Mutanen ƙauye sun cika bayan gari, sun kafa bukkokin tsumma da kara. Man kaɗanya ya yi wuya, ga zafin bazara har dunƙule na narkewa cikin randa. Sai na rage mai na ƙara kaki. Na gwada a tsamiya ya yi kumfa. Na matse a hammata na yi surfe, ya yi laushi lafiya lau. Ni kuwa a lokacin mijina direban babbar mota ne, gidanmu ba a taɓa kwana ba a ɗora tukunya ba. Jikina da ɗuminsa, ga ni tsaye kusa da murhu.

Daga wannan kaskon na sayar wa wasu mata biyu, ya da ƙanwa, daga wani ƙauye kusa da Takanamat. Babbar Mariyama, ƙaramar Abu. Dukansu fuka gare su tun suna yara, ƙurar bukkoki kuma ta tayar musu da ita, kana jin numfashinsu tun daga zaure. Sun rame har zobban hannunsu sun koma ɗaure da zare. Na ba kowace goma sha biyar. Bayan kwana huɗu Abu ta dawo ita kaɗai.

Ta ce, “Yaya Rakiya, maganinki bai yi muna komi ba. Kamar mun haɗiyi dutsi.”

Raina ya ɓaci, don ba a saba gaya mini haka ba, ga kuma mutane zaune. Na ce, “Maganina bai ƙarya. Ciwonku na yay yi ƙarhi. Ku riƙa shan biyu.”

Ta yi godiya ta tafi. Wannan maganar ita ce mafi muni da na taɓa furtawa a sana'ata, kuma ko tsayawa ban yi na taɓa hannunta ba.

Kwana huɗu bayan haka, da hantsi, ina jiƙa ƙaro, sai ga Inna Habsu ta yi sallama. Tsohuwa ce mai wankan gawar mata, kuma a shekarar nan ba ta da hutu. Ba ta zauna ba, ba ta karɓi ruwa ba. Ta kwance bakin zanenta ta fito da ɗan tsumma ta shimfiɗa a kan faifaina. Dunƙule biyar ne, an wanke su tas, kowane da zoben karan dawa a kansa kamar yanzu na danna.

Ta ce, “Ɗiyata, naki na?”

Na ce nawa ne, na tambaye ta inda ta tsince su.

Ta ce, “Ba tsinta niy yi ba. Jiya na wanke wata macce ta bukkoki, Mariyama sunanta. Kin san akan danna ciki kahin a gama. Su na sunka hito. Na daɗe ina wanga aiki, ban taɓa ganin mamaci ya maido ma mai magani kayanai ba.”

Yunwa ce ta kashe Mariyama, ba dunƙulena ba, don ko tsagewa ba su yi ba. Amma ina kallonsu sai na tuna da Abu. Na tambayi Inna Habsu yadda take jin jikin mutanen bukkoki, masu ran, in ta taɓa su. Ta ce sanyi ƙalau, ko da rana tsaka, kamar randa. Na tambaye ta abin da suke ci. Ta ce anza, ƴaƴan wani itacen daji, wadda ake jiƙawa kwana da kwanaki da toka da kanwa don ɗacinta ya fita. Ke nan ba ɗumi, ba tsami. Ƙofofin nan biyu duk a rufe, dunƙulen sai taruwa suke yi a ciki suna jira. Ranar da mai su ya sami abinci mai zafi da tsami, duk za su buɗe lokaci guda.

Na tashi ko mayafi ban ɗaura daidai ba na nufi bukkoki neman Abu. Aka ce ai da asuba motar soja ta kwashi mutanen wajen Takanamat ta maida su gida, kowa da ɗan buhun hatsi, don su gyara gona kafin ruwa ya sauka. Duk wanda ya san ƙauye ya san abin da mace za ta fara yi da hatsi bayan wata da watanni tana cin anza. Kunun tsamiya za ta dama, mai zafi.

Mutum uku ne kuma suka sayi wannan kaskon, duk ƴan gari masu ci su ƙoshi, na bi su a ranar na karɓe abin da ya rage. Mota kuwa ban samu ba sai washegari, ta wani bafatake. A shingen bakin gari wani soja ya tambaye ni inda za ni da abin da ke cikin ƙullina. Na ce kanwa ce da ganyen filasko, za ni gaida maras lafiya. Ya dube ni ya ce, “Inna, can ba kowa sai iska.” Ya ɗaga mana sanda muka wuce. Inda motar ta ajiye ni na ƙarasa da ƙafa, na isa bayan azahar.

Ban taɓa shiga gari irin wannan ba. Rabin ɗakunan ba jinka, an ba dabbobi ta tun bara. Ba kaza, ba kare, ba ƙarar turmi. Ina jin takun ƙafata. Wata tsohuwa na gani tsaye a ƙofar wani gida ta dafe kai, ashe uwar mijin Abu ce, shi mijin yana ci-rani. Da na ce Abu nake nema, sai ta nuna mini ciki da haɓa.

Abu tana zaune a bakin ɗaki kan tabarma, ta miƙe ƙafafu ta ware su kamar yadda mai kitso ke yi. Hannuwanta suna aiki a sarari, tana tsaga, tana kamawa, tana ja, har tana karkata kan da babu shi don ta ga layi. Fuskarta ta yi jawur. Baƙin idonta ya buɗe ya cinye kusan duka idon. Na taɓa wuyanta, zafi kamar bangon murhu, kuma ko ɗigon gumi babu. Ga ƙwaryar kunu a gefe, an sha fiye da rabi.

Na ce, “Abu, kin gane ni?”

Ba ta ɗago ba. Ta ce, “Yaya Rakiya, matsa kaɗan, kin tare muna haske. Mariyama na gaishe ki.”

Na matsa. Wallahi na matsa, kuma sai da na kewaye wurin da ke tsakanin ƙafafunta, ban taka ba.

Ta ci gaba da kitsonta, can ta yi ƴar dariya kamar an raɗa mata wani abu. Ta ce, “Ta ce biyat nata na nan ƙulle ga zanenki. Ta ce ki aje su, ba ta bukata.”

Tsumman Inna Habsu yana ɗaure a bakin zanena, ta ciki. Ba wanda na nuna wa. Abu ta bar Tawa tun kafin a kawo mini shi. Na san aikin zaƙami, na san yana sa mutum surutu, amma har yau ban san ta inda wannan maganar ta fito ba. Tsoro ya kama ni sosai.

Na nemi jakar maganinta na zazzage, biyu suka rage. Ke nan goma sha uku ta haɗiya. Wasu sun fara buɗewa, kuma mugun abin shi ne zaƙami da kansa yana ƙara zafin jiki, zafin kuma yana narka na gaba. In ban tsayar da shi ba, kafin gobe sai Inna Habsun garin nan ta zo. Dabara ɗaya ce gare ni: in maida jikinta yadda yake a bukkoki, da sanyi da yunwa, har dunƙulen su fita da taurinsu.

Na ɗauke ƙwaryar kunun na kifar a ƙasa. Tsohuwar ta yi kururuwa ta riƙe mini hannu.

Ta ce, “Ke wace irin macce ta? Wata nawa ba mu ga hatsi ba, kin taho kin zubar? Kashe ta kika so ki yi?”

Na ce, “Iya, ni nib ba ta abin da ka kashe ta. In tas sake shan abu mai zahi ko mai tsami, ta tahi. Ki yi min kwana ukku. In ta mutu, ki kai ni gun hakimi da kanki.”

Ta dube ni ta dubi Abu, ta saki hannuna. Ba ta yarda da ni ba, ba ta dai da wani zaɓi.

Muka ja Abu cikin ɗaki inda rana ba ta kaiwa. Rijiyar garin tana da zurfi, guga sai ya daɗe kafin ya taɓo ruwa, ya fito rabi laka. Da shi na riƙa jiƙa zane ina lulluɓa mata, in ya bushe in sake. Na haƙa ƙasan ɗakin na zuba ruwa na kwantar da ita kan damshin. Ina ɗura mata ruwan kanwa da ludayi don ya kashe tsamin cikin, da filasko kaɗan-kaɗan don ya tura, ina tsoron kada ya yi yawa ya ƙarasa ta. Duk wannan hannuwanta ba su daina kitso ba. Ko a kwance, suna sama suna aiki.

Rana ta biyu ita ce mai wuya. Ta fara kukan yunwa. Tsohuwar tana dama nata kunun a waje, ƙamshin yana shigowa, Abu tana miƙa hannu tana cewa a ba Mariyama ko ita ba a ba ta ba. Ni ce na zauna a bakin ƙofa na tare. Macen da ta tsira daga fari, hatsi ya zo gidanta, ni kuma na hana ta. Na tsani kaina ranar nan. Ban ci komai ba ni ma, ba don kirki ba, abincin ne ba zai wuce ba. Na kuma lura tsohuwar, da ta fi kowa cewa ba kowa a wurin, in za ta shiga ɗakin sai ta raɓa ta jikin bango ta bar fili a gaban Abu.

Da yammacin ranar suka fara fitowa. Ba aikin da za a yi wa ado ba ne: kasko, tsinke, ruwa, kana tonawa kana wankewa. Uku suka fara zuwa, zobena na nan a kansu. Washegari huɗu, biyu daga ciki sun cinye rabi, duk kafofi. Sannan biyu. Tara ke nan. Huɗun da ban gani ba su ne suka narke suka yi mata wannan aiki. Da safen rana ta huɗu na ga gumi ya tsattsafo a goshinta. Hannuwanta suka sauko suka kwanta a kan cikinta. Ta yi barci har la'asar, ta farka ta nemi ruwa da muryar mutane. Na dama mata kunu ba tsamiya, na bar shi ya huce, na ba ta ludayi uku.

Tun daga wannan shekarar na canza gwaji. Ba hammatata ba, ta mai saye. Ko wane ne, sai ya zauna a zaurena ya matse dunƙule, in taɓa hannunsa, in tambaye shi abin da ya ci jiya da shekaranjiya. Wasu suka ce na cika bincike suka koma wurin wasu. Na zaƙami kuwa ban sake ɗora kaskonsa ba.

Bayan an yi girbi, ranar kasuwa, sai ga Abu a zaurena. Ta yi ƙiba kaɗan, numfashinta ma da sauƙi. Na yi murna, na shimfiɗa mata tabarma, na zaci godiya ta kawo. Muka gaisa, idonta yana kan randar ajiya.

Ta ce, “Yaya Rakiya, irin wancan nika so. Mai zoben.”

Na ce na daina yin sa, amma zan haɗa mata wani na fuka mai sauƙi.

Ta ce, “Ba don huka ba. Ban ƙare mata kitson ba. Gehe guda yar rage.”

Na ce mata Mariyama tana kabari a Tawa, abin da ta gani zaƙami ne, kuma saura kaɗan ya tafi da ita. Na ce ko duniya za ta ba ni ba zan ba ta ba. Ta saurare ni har na gama, ba ta yi gardama ba. Ta tashi ta naɗe tabarmar da kanta ta jingine a bango, ta gyara lulluɓinta. A bakin ƙofa ta juyo, ba fushi a fuskarta ko kaɗan.

Ta ce, “Allah ya raba ni da ita sau guda, na yi haƙuri. Na biyun, ke ta kir raba mu.”